Dogo na Bengou

Talata ce. Ƙarfe bakwai na buɗe shagon yadina a wancan birni na bakin teku, na ɗora shayi. Shekara ashirin da biyu ina can, kuma ni ke riƙe da littafin sunayen ƙungiyar 'yan Gaya.

Wata biyu kafin ranar, wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu ya zo neman lista: cikakken suna, unguwa, lambar waya, har da masu yawan magana a taro. Na zauna Kumasi, na zauna Jidda, na ga yadda irin wannan takarda ke wucewa hannu zuwa hannu. Sunayen waɗanda suka yarda kawai na ba shi. Dogo mai tura baro ya ƙi. Da Dendanci ya ce min, "Baba, kar ka sa ni a takardar gwamnati." Ko a littafina "Dogo na Bengou" na rubuta, yadda muke kiran juna. Ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba.

Ran Talatar, ƙarfe tara da rabi muka ji ihu daga bakin kasuwa. Sai fashewar gilashi. Sai harbi, sau uku. Baƙi ake nema. Na bar shayin a wuta, na cusa littafin cikin riga.

Ƙarfe sha ɗaya mun cika harabar ofishin jakadanci. Hayaƙi na tashi daga layin 'yan yadi. Dogo ya iso a guje da baronsa, Hajiya Mariyama mai tuwo a ciki, ƙafarta na jini.

Bayan azahar manyan motoci biyu suka shigo. Ma'aikacin ya hau kujera da listarsa.

"Wanda ya ji sunansa ya shiga!"

Na roƙe shi da Faransanci ya bar Dogo ya shiga, na koma Zabarmanci. Ya ce sojojin hanya listar nan za su bi, sauran mutane su jira mota ta uku. Ba ƙarya ya yi ba. A kowane shinge sai da aka kira mu ɗaya ɗaya. Dogo ya ɗora Hajiya, ya miƙo min ƙullin kayanta ta taga, ya koma ya zauna cikin baronsa.

Kwana uku muna tafe. Da hantsi muka haye gada, muka shigo Gaya. Mota ta uku ta iso bayan mako. Dogo ba ya ciki.

Na buga wa ma'aikacin waya. Ya ce zai sa a duba asibitoci, in ba shi cikakken sunan Dogo. Na buɗe littafin, na rufe.

Sau uku na je Bengou, ƙauyensu. Maigari ya kai ni gida huɗu, kowanne da dogon ɗa da ya tafi bakin teku ya daina aike. Kowace uwa ta faɗi sunan nata, ta tsaya tana duban bakina.

Mu sittin da ɗaya ne a littafin. Sittin na san inda suke.