Makullin da na rataye a zauren Baba

A lokacin da abin nan ya faru ni ne darektan lakkol, wato shugaban makarantar boko, na ƙauyenmu, can wajen Kanan-Bakashe, kowa Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Ni na fara ajiye mota a garin, tsohuwa ce 'yar Kwatano amma a idona amarya, kuma ba zan ɓoye muku ba, tun ina yaro nake da rowar abin hannuna. Ƙanena mai bi mini ya fi ni iya tuƙi, don ya yi yaron mota tsakanin Tasawa da Maraɗi, amma ko madubinta ya taɓa sai na ji raina ya ɓaci.

Motar tana da wani hali. Da rana tsaka, babu wanda ya kusance ta, sai ta tsandara ihu, awaki su watse, masu ƙailula su tashi suna tsaki. Matan unguwa har tsokanata suke wai amaryar Mushe kewar gida take. Na canza batirin telekomandi, ɗan abin nan da ake latsawa ƙofofi su buɗe, ba ta daina ba. Da na gaji na kai ta Tasawa wurin mai gyaran lantarkin mota. Ashe wani ɗan maɓalli ne a bakin ƙofar baya rairayi ya cika, motar take zaton an buɗe ta. Ya wanke shi, ihu ya ƙare. Sannan ya ja kunnena cewa in aka kulle ta da telekomandi aka buɗe da makulli kawai, za ta yi ihu, kuma inji ba zai tashi ba sai an latsa telekomandin. Ya ce gara ya cire wannan haɗin tunda a ƙauye nake, inda ba a satar mota. Na ce ya bar shi. A raina daɗi na ji, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Da damina ta kankama Baba ya kira ni zaurensa, ya ce duk ranar da zan yi tafiya ba da mota ba in riƙa barin makulli a gida, don lokacin macizai ne da zazzaɓi, ga masu juna biyu. Ban taɓa yi masa musu ba. Nan take na zare makullin daga zobensa, na rataye a ƙusa a gaban ƙanena. Baba ya yi ta sa mini albarka. Telekomandin kuwa na zura shi aljihu, ina ce wa raina ai in wani abu ya taso za a kira ni.

Ranar da aka kira mu taron malamai a Mayahi na kulle motar da telekomandi, na tafi da shi, na bi wani abokin aiki a babur, muka shiga taro na kashe waya. A ranar ne kububuwa ta sari Baba a gona. Ƙanena ya ruga ya ɗauko makulli, yana buɗe ƙofa mota ta ɗauki ihu. Ya murɗa, ya sake murɗawa, samari suka tura ta har bakin rijiya, ta ƙi. Sun yi ta kiran wayata ba ta shiga. Daga ƙarshe a amalanken shanu aka ɗora Baba, aka bi da shi cikin yashi, ƙafa na kumbura, kuma kafin su kai gidan likita rai ya yi halinsa. Waɗanda suka raka shi sun gaya mini da ya ji ana zagin motar ya hana, ya ce kada kowa ya ga laifina, ni na yi nawa tunda na bar makulli. Wannan maganar har gobe tana cin raina.

Ana cikin zaman makoki, muna kan tabarma a ƙofar zaure, na yunƙura zan gaisa da wasu baƙi sai cinyata ta danne telekomandin a aljihu. Motar da aka turo aka ajiye gefe ta yi ɗan ƙara, fitilunta suka ƙifta, ƙofofi suka buɗe. Babu wanda ya kula sai ƙanena. Ya dubi motar, ya dubi aljihuna, ya sunkuyar da kai. Bayan mutane sun watse ya zo ya sa makullin a tafin hannuna, ya ce a hankali in haɗa shi da ɗan'uwansa da ke aljihuna. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, bai kuma sake shiga motar ba har na sayar da ita.

Na sani ajali in ya yi kira babu mai hana shi, mai yiwuwa ko motar ta tashi kwanan Baba ya ƙare. Amma wannan sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Jama'a, duk mai mota a inda likita ke da nisa, ya san halin abin da aka haɗa mata, ya kuma sanar da mutanen gidansa. In za ku bayar ku bayar gaba ɗaya, in za ku hana ku hana a fili, don wanda aka hana a fili yakan nemi wata hanya da wuri. Ni na karɓi albarkar mahaifina a kan rabin makulli, kuma babu sauran wanda zan mayar wa.