Kunnen Umma da Motar da Ta Rage

Jama'a, a gyara zama, mai hula ya daidaita hularsa. Yau zan gabatar muku da sarauniyar kan waya, wadda ƙarya ke cire takalmi kafin ta shiga ofishinta: Umma, mahaifiyata, mai amsa kira a ofishin agajin gaggawa na garinmu.

Kada ku zaci wani katafaren wuri ne. Ɗaki guda ne, tebur biyu, fanka mai kuka kamar akuya, da taswirar gari a bango wadda ta sha yatsu har ta yi baƙi. In hadari ya haɗo, nan mutane ke kira: iska ta yaye rufi, bishiya ta faɗa kan wayar wuta, ruwa ya cinye hanya. Umma ta saurara, ta tura mota. Tun ina rarrafe take wannan aiki. Ni na gwada makaranta, na gwada gyaran waya, na gwada aski, duk ba mu daidaita ba, ita tana nan kan kujerarta.

Abin da ke ba ta ciwon kai shi ne 'yan wasa. Ana fara yayyafi sai wasu marasa aikin yi su kira su ce guguwa ta kwashe kasuwa, don kawai su ga mota ta zo da jiniya su yi dariya. To ni ma sarkin tsokana ne, amma tawa ba ta wuce ɓoye wa Yaya takalmi. Waɗannan kuwa, duk motar da suka ja zuwa wurin da babu komai, wani suka hana.

Shi ya sa Umma ta fito da tata dabara. Ba ta cika damuwa da abin da bakinka ke faɗa ba. Sai ta ce, "Yi shiru, ɗaga wayar sama." Abin da ke bayanka take saurare.

Ran nan da la'asar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin da ya faru, abokiyar aikinta ce ta ba ni labari, direban motar agaji ya cike min sauran. Motoci duk sun fita, saura ɗaya a bakin ƙofa. Sai kira biyu suka shigo kusan tare.

Na farko saurayi ne, yana ihu: gada ta karye, motar haya cike da mutane ta faɗa ruwa, a zo yanzu!

Umma ta ce, "Yi shiru, ɗana. Ɗaga wayar."

Ta cikin wayar ana jin ruwa na zuba, ƙwarai kuwa. Amma babu iska, babu muryar kowa, kuma ƙarar tana sauyawa a hankali, irin ta bokiti in ya kusa cika a ƙarƙashin famfo. Can ƙasa-ƙasa wani ya yi tari irin na mai danne dariya.

Na biyu tsohuwa ce daga gangaren bayan kwata. Sai da ta gaishe da Umma, ta tambayi gajiya da iyali, sannan ta ce, "'Yar nan, ki yi haƙuri na dame ki, ɗan ruwa ne ya shigo min ɗaki, ƙafafuna kuma ba sa ɗaukata."

"Iya, ɗaga wayar."

Tukwane da kwanoni ke karo da juna, ƙwal, ƙwal. Kwano kuwa ba ya yawo a ɗaki sai in ruwa ne ya ɗauke shi.

Direba na tsaye da makulli a hannu. Ya ce, "Hajiya, in fa gadar gaskiya ce? Mota guda ta mutane!"

Umma ta kira wani mai faci da ke bakin gadar don ya duba mata, wayarsa a kashe. Ta rufe ido, ta buɗe, ta ce, "Je ka gangare. In na yi kuskure, a wuyana."

Direba ya ce da shi da abokan aikinsa suka ɓalle ƙofar ɗakin tsohuwar, ruwa ya kai musu ƙugu. Tsohuwa na kan gado, katifa ta riga ta sha ruwa, ta ɗaga wayar sama har lokacin, don ba a ce ta sauke ba. A baya ya goyo ta, tana sa masa albarka tana faɗan ya bar mata buta. Daga nan suka zarce gada: tana nan ƙalau, har wani na wanke babur a gefenta.

Da na ji wannan, gida na nufo da gudu. Na tarar da Umma ta tsoma ƙafa a ruwan ɗumi, ta kunce ɗankwali. Na ɗauki tsintsiya na mai da ita lasifika.

"Jama'a ku miƙe! Ga wadda ta ceci rai da kunne kawai! Umma, wallahi ya kamata a ba ki lambar yabo, a saka hotonki a bakin titi, a riƙa cewa ni ɗanki ne!"

Ko kallona ba ta yi ba.

"Auta, tsohuwar tana gidan maƙwabtanta, kuma ba ta da abin kwanciya. Naɗe katifarka ka kai mata."