Ɗorawar Kaltume

"Ka ɗora gatari a jikinta ka gani, Muntaka."

Aina'u ta kife littafin da take karantawa. Bangon ɗakinta ne ya raba gidan hayar ɗalibai da gidan Inna Kaltume, siririn bulo ne wanda ko tari aka yi a can sai ta ji. An idar da sallar la'asar ke nan, zafin bazara ya hana kowa motsi.

"Yaya, ki sassauta murya, akwai mutane." Alhaji Muntaka ne, mai gidan hayar, ƙanin Inna Kaltume.

"Su wa? 'Yan hayarka? Su ji mana, ai da kunnuwansu ka ba su ɗaki."

"Liman ne ya yi magana, ba ni ba. Maza da mata a gindin bishiya ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa, garin nan bai saba gani ba."

"Liman ɗin ne ya sauke maka bulo a bayan gida?"

Da Alhaji ya sake magana, muryarsa ta sauka, ta koma irin wadda yake lallaɓa iyayen ɗalibai da ita ranar kama ɗaki.

"Ɗaki huɗu ne fa, Yaya. In aka cire ta, huɗu za su zauna a wurin daram. Ɗaya naki ne, ki sa wanda kike so."

"Ja min ƙyauren in ka fita."

Bishiyar da ake wannan rigima a kanta ɗorawa ce, tsohuwa, tana tsaye a tsakiyar gidan hayar kamar baƙuwar da ta ƙi tafiya. Da can wurin gonar mahaifinsu ce, Malam Sama'ilu. Kaltume ce 'yar fari, a wannan gona ta yi ƙuruciyarta, ita ce kai abinci, ita ce tsintar wake, ita ce dakon taki a kwando in jaki ya gaji. Aka yi mata aure a Kunci, ta tafi da sonta. Malam ya rasu tana cikin jego, kafin ta iso an gama zaman makoki har an zauna rabon gado. Muntaka, wanda ta goya da bayanta, ya ce mata a gaban dattawa, "Ke kina Kunci, me za ki yi da ƙasa a nan? Ga ɗorawa, ba noma ba shuka, duk shekara sai dai ki zo ki kwasa." A wannan yanki ba baƙon abu ba ne gona ta zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani. Ta dubi fuskokin dattawan, ta ga duk sun gaji suna son tashi, ta ji kunyar a ce ta zo jayayya a kan ƙasa kabarin uba bai bushe ba. Ta ce ta karɓa.

Shekaru suka ja. Mijinta ya rasu, ɗanta namiji ya bi motocin shanu zuwa kudu, 'ya'yanta mata suka yi aure. Ta dawo ɗakin mahaifiyarsu da tukwanenta na daddawa. Ba a jima ba aka kafa jami'a a bayan gari, ɗakunan kwananta ba su ishi ko rabin ɗalibai ba. Manoman da kakanninsu ba su taɓa barin taku ɗaya na ƙasa ba shuka ba suka fara shuka bulo. Muntaka ya riga kowa. Gonar Malam ta zama ɗakuna a jere, maza ta gabas, mata ta yamma, ya je Makka ya dawo. Ɗorawa kaɗai ya kasa taɓawa, sai ya zagaye ta da gini.

Ɗalibai suka sa wa gindinta suna Majalisa. Nan ne kawai ake samun sabis ɗin waya mai kyau, nan inuwa take, nan aka jera benci. Nan ake musun ƙwallo, a yi gulmar malaman jami'a, a ƙulla soyayya a warware. Najib, shugaban ɗaliban gidan, yana da wurinsa a jikin saiwa, kuma har zuwa watan da ya wuce Aina'u ce ke zama a gefensa. Yanzu wata doguwa ce 'yar aji ɗaya, Raudatu.

Kullum da safe Inna Kaltume za ta shigo da kwandonta da doguwar ƙugiya, ba ta yi wa kowa sallama. A cewarta ba a sallama a shiga gona. Ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ko kuma ta ƙi sani. Maza duk "kai mai wandon nan" ne, mata "ke 'yar birni". Su kuma a bayan idonta Hajiya Daddawa suke ce mata. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne su tsinko ɗorawa su tsotse garin su tofar da kalwar a ƙasa, takalma su bi ta kai. Sai ta durƙusa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya a tsakanin ƙafafunsu, ba ta ce su matsa ba, har sai kunya ta sa sun ɗage ƙafa.

Washegarin rigimar labari ya zagaya cewa Alhaji ya kai ƙara wurin mai unguwa, a ba shi izinin sare bishiyar don gyaran tarbiyya, an sa zama ranar Juma'a. Majalisa ta ɗauki zafi. Najib ya ce ba za su yarda ba, har ya yi maganar kwalaye da zanga-zanga. Aina'u tana jin su ta taga, ba ta fita ba.

Inna Kaltume kuwa ba ta nemi taimakon kowa ba. Ranar Talata da hantsi sai ga ta da duwatsun murhu, ta dasa su a gindin ɗorawa, daidai inda Najib ke zama. Ta ɗora ƙatuwar tukunyar kalwa, ta cusa ɗanyen itace. Ta koma gida ta kinkimo kwandunan da ta rufe tun shekaranjiya, waɗanda kalwarsu ta riga ta ruɓa, ta buɗe su a kan benci. Ta baje tabarmi ta fara jera daddawa tana shanyawa.

Ranar ce kuma Raudatu ke bikin zagayowar haihuwarta. An hura balan-balan, an ɗauko lasifika, an yi odar kek daga Kano. Hayaƙi ya bi ɗakuna, warin ya bi hayaƙin.

Najib ya zo yana toshe hanci da hularsa. "Inna, don Allah mene ne haka? Muna da taro a nan yau."

"Ni ma ina da shi."

"Ai sai ki yi a gidanki."

"Kai a gidanku kake?"

Wasu suka yi dariya, ya juya ya harare su. "Mu fa muna bayanki a maganar bishiyar nan. Mu ne za mu tsaya miki."

Ta ɗaga murfin tukunya, tururi ya buge shi ya ja da baya. "Kai mai wandon nan, da bakinka ka tofar min da kalwa ta fi mudu. Tsaya wa uwarka."

Raudatu ta leƙo da kwalliyarta, ta ce wallahi kayanta duk sun ɗauki wari, wannan ai mugunta ce. Inna Kaltume ta dube ta sama da ƙasa.

"Miyar da aka raine ki da ita, da turare ake kaɗa ta?"

Aka yi bikin a cikin ɗaki, a takure, kek ɗin ma wasu suka ce daddawa suke ji a ciki. Laraba ta sake hura wuta, Alhamis ma haka. Majalisa ta watse, benci ya zama wurin shanya. Duk wanda ya leƙo daga gari ba zai ga mace da namiji a gindin bishiya ba, sai tsohuwa da muciya. Hujjar Liman ta mutu.

Alhaji Muntaka bai rasa wata dabarar ba. Ya kira Najib gefe, ya ce in aka yi sabon gini ɗaki ɗaya na ɗalibai ne, a sa talabijin da fanka da wurin cajin waya. Kafin magariba masu maganar zanga-zanga sun koma cewa bishiyar na tara sauro, reshe zai iya faɗo wa mutum, wari zai sa su ciwo. Najib ya bi ɗaki-ɗaki yana neman waɗanda za su je shaida. Da ya zo ƙofar Aina'u bai ko shigo ba.

"Ke ce bangonki ke manne da nata, ke kika fi shan wahala. Ki zo gobe ki faɗa."

"Raudatu ba za ta je ba?"

"Ita ba ta son hayaniya."

"To. Zan zo."

Ta gaya wa kanta gaskiya za ta je faɗa, saboda zalunci ba kyau, saboda tsohuwa ce ba ta da kowa. Ta maimaita wannan har ta kusa yarda. Amma abin da take gani in ta rufe ido shi ne ɗakin talabijin, da kujera mai cin mutum biyu, da wanda zai zauna a kai.

Bayan an sauko daga masallaci aka taru a zauren mai unguwa. Dattawa a kan tabarma, Liman a gefe yana jan carbi, ɗalibai a tsaye a bakin ƙofa. Inna Kaltume ta zauna a lungu ta juya wa kowa rabin baya. Alhaji ya yi bayani mai tsawo a kan amanar 'ya'yan mutane. Najib ya yi nasa, rabi da Turanci. Sannan aka ce yarinyar da ke maƙwabtaka da ita ta matso.

Aina'u ta durƙusa ta gaishe su. Ta ce wari kam akwai shi. Ta ce amma tifa ta sauke bulo tun kafin Malam Liman ya yi huɗubarsa, kowa a gidan ya gani. Ta ce kuma ta ji da kunnenta Alhaji na cewa ɗaki huɗu za su zauna a wurin, har ya yi wa Inna tayin ɗaya.

Liman ya daina jan carbi, ya dubi Alhaji. "Da sunana ka je sayen bulo, Muntaka?"

Mai unguwa, wanda yana cikin waɗanda suka shaida rabon gadon tun yana saurayi, bai ja zancen ba. Ya ce ƙasa ta Muntaka ce, itace na Kaltume, haka aka raba haka kuma yake. Ba mai sare shi sai da yardarta, ba mai hana ta zuwa gindinsa. Ya roƙe ta ta rage hayaƙi. Ita kuwa ta tashi ta kaɗe zaninta.

Kafin Aina'u ta kai gida saƙon Alhaji ya riga ta: in zangon karatu ya ƙare ta nemi wani wuri, ɗakin za a yi masa gyara. A tsakar gida ba wanda ya kula ta. Wata ta ce da ƙarfi, ba da kowa ba, ashe bango ma yana da 'yan rahoto. An cire ta daga zauren hirar gidan na waya tun tana hanya. Ɗakuna kuwa a garin nan, duk wanda bai kama tun farkon shekara ba sai dai ya tafi ƙauyen gaba, ya riƙa bin mashin.

Da yamma ta zagaya ta buga ƙyauren Inna Kaltume. Tsohuwar ta buɗe kaɗan, ta tsaya a tsakiya yadda ba hanyar wucewa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya."

"Alhaji ya ce in tashi. Na ce ko ɗakin nan naki na ƙofa, da ba kowa a ciki..."

"Ba na ba da haya."

"Saboda ke fa aka kore ni."

Inna Kaltume ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Saboda ni. Tun ranar da mai wandon nan ya matsa wa doguwar wuri a benci kika daina fitowa. Kalwa nake tsinta, 'yar birni, amma da idona nake tsintar."

Aina'u ta kawar da kai, idonta ya faɗa cikin zauren. Buhuna ne jingine da bango, cike, bakinsu ɗinke da zaren 'yan kasuwa, an rubuta sunan mai su da shuɗin fenti.

"Wannan ai kalwar saye ce."

"Ta kasuwar Tsanyawa. Da me kike zaton nake sana'a? Waccan ɗorawar ta tsufa, abin da take yi a shekara ba ya riƙe ni wata guda."

"To Inna, me kike yi da ita? Ya ba ki ɗaki sukutum kin ƙi. An ɓata da ke, an ɓata da ni, a kan itacen da ba ya ba ki komai."

Tsohuwar ta kama ƙyauren za ta tura. Ta ɗaga kai ta dubi saman ɗorawar da ya leƙo ta kan bango, babu wani taushi a fuskarta.

"Kullum da safe in ya zo duba ɗakunansa, sai ya kewaye ta kafin ya wuce," ta ce. "Kewayawar nake zuwa kallo."