Igiyar da Ta Yanke Kanta

Shekarata ta biyu ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Bodinga, wani ɗalibi ya tambaye ni ko duk enzaim, wato sinadaran da ke hanzarta ayyuka a cikin jiki, furotin ne. Na ce a'a, akwai waɗanda RNA ne, ana ce musu ribozaim, kuma zan kawo bayani mako mai zuwa. Da bakina na jawo wa kaina abin da ya biyo baya.

Ranar Asabar na tafi gida Dandin Mahe. Mahaifina manomin albasa ne, kuma shi yake murza igiyoyinsa na rama. Na ɗauki guda na zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida ina gwada darasin. Na shafa wa tsakiyar igiyar gawayi. RNA, na ce wa dattawan da ke zaune, wani siririn zare ne a cikin jikin duk mai rai, ido ba ya ganinsa. Yawanci sai wani sinadari ya zo ya yanke shi, ya ɗinke. Amma akwai irin da ke naɗe kansa, ya lanƙwasa har wani sashe nasa ya zama almakashi, ya cire tsakiyar nan mai gawayi, sannan ya haɗa bakin nan da wancan. Ba hannun kowa a ciki.

Na yanke igiyar da wuƙa, na ƙulla, na ɗaga. Baba ya bi igiyarsa da kallo. Maƙwabcinmu, wanda muke kira Baffa, shi ne ya matso.

"Malam, ita da kanta taka yankewa?"

"Da kanta, Baffa."

"Kuma ta haɗe?"

"Ta haɗe."

Ya jinjina kai, ni kuwa har daɗi na ji, wai na sami ɗalibi mai fahimta.

Baffa yana da bijimi, turkensa kuma yana dab da fangalin da Baba ke renon irin albasa. Shekara uku Baba yana roƙonsa ya matsar da turken, shi kuwa yana cewa gobe. Igiyar bijimin ta tsufa, duk wanda ya wuce ya gani.

Bayan mako biyu aka kira ni a waya, wai in zo, mai gari na nemana. Ranar Juma'a, mutane na masallaci, bijimin ya shiga fangalin ya tattake irin da ake shirin dasawa. Da aka sauko aka tarar da shi ɗaure a turkensa yana tuƙa, da laka har gwiwa, ga sabon ƙulli a tsakiyar igiyar. Baba ya kai ƙara. Abu ɗaya ya nema, a tumɓuke turken.

Na hau babur daga Bodinga ina ta tunanin me ya haɗa ni da bijimi. Sai da na durƙusa na yi gaisuwa na ji.

"Ranka shi daɗe," in ji Baffa, "ni ban kwance shi ba, ban ɗaure shi ba. Igiyag ga ita tay yanke kanta, tag gama, tah haɗe. Ga malamin makaranta nan, ɗan mai ƙara, shi yah hwaɗa muna gaban kowa."

Ƙullin da ke igiyar irin na Baffa ne, har da 'yar jelar da yake bari. Mutumin da ya girme wa ubana, yana kallon ƙasa kamar maraya, ya ɗauki darasina ya yi garkuwa da shi.

Na fara bayani. Na ce wancan zare ne na cikin ƙwayar halitta, sai ya naɗe ta wata siga ta musamman, sai da wani gishiri a ruwan da yake ciki, rama kuwa bawon itace ce, matacciya. Na ce misali kawai na yi. Ina magana ina jin yadda nake ƙara nutsewa, domin duk kalmar da na ƙara, sai wani dattijo ya ce ikon Allah.

Mai gari ya ɗaga hannu.

"Malam, taƙaita muna. Zaren da ka yanke kai nai shi haɗe, akwai shi ko babu?"

Na dubi Baba. Idonsa na kaina. Kalma ɗaya ce, in na faɗe ta turken ya tashi a ranar. Amma a gabansa na ce akwai, kuma ranar Litinin zan sake tsayawa gaban yara in ce akwai.

"Akwai, ranka ya daɗe. Amma ba..."

"Ka gani da idonka?"

"A littafi na karanta."

"Wanda yaƙ ƙulla igiyag ga hwa, ka gane shi da ido?"

"Ban gani ba."

Shi ke nan. Mai gari ba wawa ba ne, na ga murmushin da ya danne. Yana neman hanyar da ba zai ƙaryata tsoho a bainar jama'a ba, ni kuma na share masa ita. Ya ce Baffa ya sake igiya, a yi haƙuri da juna. Turke ya zauna inda yake.

A hanyar gida Baba yana gaba ina biye, ina ta ƙunƙuni. Na ce wannan rainin hankali ne, na ce ba zan ƙara buɗe baki a gindin dalbejiyar nan ba ko gardamar ƙwallo ake yi. Bai juyo ba sai da muka iso fangalin. Irin ya kwanta cikin laka, sawun kofato ko'ina.

"Baba, da na ce babu, da ƙarya na yi."

"Na sani."

"Baffa ne ya..."

"Baffanka bai yarda da zancenka ba ko na ƙwayar gero," ya ce. "Duk wurin nan ni ɗai niy yarda, tun ranad da kay yanke min igiya."

Ya shiga bukkar gona ya fito da gatari ya miƙo min, ya nuna min ƙayar da zan saro mu yi shinge.