Hannu Rabbana daga Girka

Shekara biyu na yi ban ga hutu ba. Ni nas ce a wani asibiti a Doha, ga shi lokacin korona, takunkumi sai da ya bar mini tabo a karan hanci. Da abin ya lafa aka ba ni kwana goma, aka ce in yi maza in ci abina, domin idan ƙwallon duniya ta zo babu mai motsawa.

A wurinmu hutu gida ake kai shi, da akwatuna. Ni kuwa na yanki tikitin wani tsibiri a ƙasar Girka, sannan na kira yayata a Kano na faɗa mata.

"Girka? Wa kike da shi a can? Kwas ne?"

"Ba kwas ba ne, Yaya. Zama zan je yi."

"Zama! Kujerun gidanmu ƙaya ce da su?"

Ta yi faɗanta har ta gaji. Washegari sai ga saƙo: tunda dai Turai za ni, ga jerin tsaraba. Jakar fata uku, takalman yara kowa da lambarsa, turaren mijinta, agogon kawu. Har da wata maƙwabciya da ban taɓa sa wa ido ba.

To ina Turan take? Ƙauyen masunta na tarar. Kanti ɗaya ne, burodi da zaitun da silifas, da azahar mai shi ya rufe ya tafi barci. Maza na ɗinkin raga a inuwa, kuliyoyi na jiran rabo. Ni da kunnena ya saba da ƙarar gine-ginen Lusail da ke gefen Doha, shirun har tsoro ya ba ni.

Na nuna jerin ga tsohuwar da na kama ɗaki a gidanta. Da hannu da guntun Turanci ta fahimtar da ni ba a samun waɗannan kaya sai dai babban gari: yini guda a jirgin ruwa, a kwana, a yi sayayya, a sake yini a dawo. Kwana uku cikin goma ke nan. Wallahi na shirya. Na ɗauki jaka da safe na bi layin masu shiga jirgi, baiwar Allah.

Ina tsaye ta faɗo mini a rai, abokiyar aikina 'yar Zangon Kumasi a Ghana, da muka zauna gida ɗaya. Duk wata sai ta sayi abu ta adana, tsarabar ranar komawa. Korona ta ɗauke ta cikin mako biyu, a Doha aka binne ta. Ni na ɗaure akwatunanta huɗu na aika. Kowane ƙunshi da sunan mai shi, da rubutun hannunta. Na duba kaf, ko ɗankwali ɗaya babu wanda ta saya wa kanta.

Mutane suka shige, ma'aikacin jirgi ya yafito ni. Na girgiza kai. Na gangara bakin yashi, na tuɓe takalmi, na shiga ruwa da doguwar rigata da hijabina har ƙugu. Ban iya iyo ba, ko a jikina. A nan na yi mata kukan da aiki ya hana ni yi.

Da la'asar na kira Yaya.

"Ba zan sayo komai ba."

"Ke! A ji kin je Turai kin dawo hannu rabbana? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da idon da kika kalle su lokacin da nake yini a tsaye kan marasa lafiya, babu wanda ya tambaya ko na ci abinci."

Ta kashe wayar. Wata huɗu ba ta ɗaga kirana ba, kuma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma ban ba ta haƙuri ba, har yau. Kwanakin hutun da suka rage kuwa nawa ne ni kaɗai. Na cinye su tas da gasasshen kifi da barcin rana, ban gutsura wa kowa ba.