Ranar da Isyaku Ya Hana Daka

Isyaku mutumin Ringim ne, shekararsa shida yana tsaron injin saƙa a wata masaƙa a Challawa. Daga ƙara kawai yake gane ciwon inji, ko zare ne ya tsinke ko mai ne ya yi ƙasa. Sai matarsa Hauwa ta haifa masa Uwaisu, abu mai ƙara, ba wajen kashewa.

Aikin dare yake yi, barcinsa na rana ne, kuma tun da aka yi suna bai samu na kirki ba. Sau biyu foman, mai duba ma'aikata, yana kama shi yana gyangyaɗi a kan inji. Ya ce na uku sallama ce.

Gogan ya yi nazari, ya gano wai hayaniya ce ke tada yaro. Ya kafa doka a gidan hayarsu na Panshekara: ba daka, ba rediyo. Zakaran maƙwabci ma sai da aka kife shi da kwando. Gida ya yi tsit, Uwaisu ya ƙara wuta.

"An ba shi nono?" in ji Isyaku.

"Yanzu ya saki," in ji Hauwa.

"Tsummansa fa?"

"A bushe yake."

"To ina ne ya lalace?"

Hajjo, tsohuwar da ke yi wa Hauwa wankan jego, ta leƙo. "Kai ne dai ka lalace, ɗan nan. Jinjirin kwana ashirin bai san dare ba, bai san rana ba. Cikinsa ɗan mitsitsi, ya ƙoshi yanzu, anjima ya nema. Kuma wa ya ce maka a cikin uwa shiru ake yi?"

"Inna, kun taɓa shiga ne?"

"Daga can na fito, ja'iri."

Ta jawo turmi ƙofar ɗaki, ta kira mata biyu suka hau lugude. Hauwa na jijjiga yaro a kafaɗa, kafin gero ya surfu Uwaisu ya yi laƙwas. Isyaku ya kishingiɗa yana shirin yin gardama, sai dai dakan nan sak bugun injinsa ne. Bai farka ba sai la'asar. Daren ranar foman ya yi ta zagaye, bai samu komai ba.

Washegari Isyaku da kansa ya ɗauko turmi. Aka yi dakan, shi ya fara lumshe ido, Uwaisu ya tsala ihu.

"Inna, yau kuma fa?"

"Yau haka ya ga dama. Kai dai kwanta."

Ya kwanta. Shekara tara ya ƙara a masaƙar, kuma har ya bar ta yana cewa inji ya fi mutum bayani.