Rigar Shugabar Alƙalai

Ina zaune a barandar kotun garinmu, ina jiran a kira ni shaida, sai ga wata dattijuwa, rigar ruwanta a jiƙe, da gani a keke ta zo cikin ruwan sama. Idanunta sun faɗa. Tana bin benci ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri: alƙali ba shi da lafiya, an ɗage zama.

Mutumin da ke gefena, wanda ya yi wata goma sha ɗaya bai ga 'yarsa ba yana jiran hukuncin kotun, ya miƙe da hotonta a hannu.

"Baiwar Allah, karo na uku ke nan. Kira mini shugabanku."

"Ni ce," in ji ta.

Na taɓa jin cewa alƙalai sun kai ɗari biyu a ƙarƙashinta, kuma shekarunta sun ƙare ba a kujerar shari'a ba, sai a rabon ɗakunan shari'a da roƙon gwamnati ƙarin ma'aikata. Ta daɗe tana kallon hoton yarinyar a hannunsa, sannan ta juya ga magatakarda.

"Femke, ɗauko mini rigata. Ni zan zauna."

Baƙar rigar ta iso da sawun ninki, tana warin kabad. Da ta sa, sai ta yi mata yawa a kafaɗa.